Akwatin Malama Kaltumi

Malama Kaltumi ce ta koya wa jikata tarihin duniya a hutun daminar bana. Ni kuma na kusa rusa karatun da hannuna.

Sunana Sama'ilu. Shekarata saba'in da uku. Ina da gero da gyaɗa a tudu, ina da shinkafa a bakin ruwan Watari. Boko aji uku na yi, na yaƙi da jahilci, shi ma da gemuna. Na ga 'yan mata ne suka cika wannan shafi da labaran samarinsu. Ban zo gasa da kowa ba. Akwai godiyar da bakina ya kasa yi, shi ya sa nake rubutawa da yatsa ɗaya. Wanda zai yi dariya ya yi. Ba na jin sa daga nan.

Rumaisa 'yar ɗana Kamaruddeen ce. Shi yana Kano yana sayar da kayan gini. Tun da aka yaye ta aka kawo ta wurin matata Furera. Furera ta rasu shekara huɗu da suka wuce, uban ya zo ɗaukar 'yarsa, ta riƙe ƙyauren ɗakin kakarta ta ƙi saki. Na ce a bar ta. Aka bar ta.

Bana ta gama ƙaramar sakandare ta garinmu, ta ci jarrabawar wata makarantar kwana ta 'yan mata. Takardar da suka aiko tana da sharaɗi. A makon farko za a yi wa sababbin ɗalibai gwaji a kan tarihin duniya, daga wani littafi da suka faɗi sunansa. Wadda ta faɗi, za a mayar da ita aji ɗaya baya. A makarantar garinmu kuwa, shekara uku ba su ga malamin tarihi ba ko a hoto.

Uban ya aiko da littafin a motar Ɗambatta. Kaurinsa ya kai bulo. Hutun sati takwas ne.

Kwana uku tana zaune a rumfa da shi a cinya. Ran na huɗu na dawo daga gona na tarar ta kifa fuska a kansa.

"Barci ko karatu?"

"Kaka, sunayen duk na haddace. Amma ban san wa ya riga wa ba. Fir'auna ne gaba ko Rumawa?"

"Fir'auna dai na san ƙarshensa."

Ba ta yi dariya ba. Yarinyar da ba ta barin maganata ta faɗi ƙasa ba ta rama ba. A nan na san abin ya yi tsanani.

Limaminmu ne ya ba ni labarin Malama Kaltumi. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da tarihi a makarantun mata. Ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta dawo gidan yayanta Alhaji Umara mai hatsi, a garin da ke tsallaken rafi. Barebari ne, tun kakansu suke nan. Mu kuma Fulani ne, ko da yake Fulatancin ya bi kakanni kabari. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

Ban saba roƙo ba. Na goya yarinyar a mashin, muka tafi.

Alhaji Umara ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya shiga ya kira ta. Ƙamshin turaren wuta ne ya fara isowa. Sannan ta fito, doguwa, cikin laffaya ruwan toka, tabarau yana rataye a wuyanta da zare. Ta gaishe ni a tsaye daga bakin ƙofar ciki. Na faɗi abin da ya kawo ni a taƙaice.

"Bafulatani ya zo neman ilimi gidan Barebari," in ji ta. "Yaya, rubuta ranar nan."

"Bawa ai don amfanin ubangidansa yake ajiye abu," na ce.

Alhaji Umara ya yi dariya har da tari. Ita ta sa tabarau ta karɓi littafin, ta yi wa Rumaisa tambaya biyar. Yarinyar ta amsa ɗaya.

"Kanta lafiya lau. An zuba mata kaya ne ba a ba ta wurin ratayewa ba. A kawo ta kullum da hantsi, ban da Juma'a."

Na tambayi abin da za a riƙa ba ta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Igiya. Ta rama, gaba biyar. Kai za ka tufka, ba ta kasuwa ba."

Na tufka. Kwana biyu na yi a kai, don ba na so Babarbariya ta sami abin faɗa. Ta karɓa, ta ja da ƙarfi. Ta ƙulla ƙulli hamsin a jiki, ta ɗaure ta daga wannan bango na zauren zuwa wancan, ta zagayo da ita har sau biyu.

"Tsakanin ƙulli da ƙulli shekara ɗari," ta ce wa Rumaisa. "Nan bakin ƙofa yau ne. Can ƙurya shekara dubu biyar baya. Duk wanda muka karanta, sai mun rataye shi a inda ya rayu."

Ta ƙirga ƙulli sha huɗu da ɗoriya daga ƙofa, ta ɗaura koren ƙyalle. Nan ne Hijira. Ta yanka kwali ƙanana. Masu dalar Masar suka tafi can ƙurya. Farisa, Girka, Rumawa, mutanen Sin da suka fara yin takarda, Mali da zinarenta, kowa da kwalinsa da zarensa.

Ina bakin ƙofa a kan benci. Na ce, "Ni ina nake?"

Ta sa yatsa biyu a ƙarshen igiyar. Tsakaninsu bai kai tsawon tafin hannuna ba.

"Daga haihuwarka zuwa yau. Ba ka ma cika ƙulli ɗaya ba, Malam."

Na dubi yatsun nata. Na ga fari, na ga yunwa, na ga ginin dam, na binne mata da 'ya'ya biyu. Duk a tsakanin yatsu biyu na wata mata. Ban ji haushi ba. Wani abu ne ya sauka daga kafaɗata wanda ban san ina ɗauke da shi ba.

Tsarin shi ne in sauke yarinyar in wuce gonar shinkafa, in dawo da azahar. Satin farko haka na yi. Sati na biyu na fara dawowa saura awa ɗaya. Na ce wa kaina hadari nake gudu, kada rafi ya kawo. Sati na uku, ranar da ko gajimare babu, na tsinci kaina a bencin tun ƙarfe sha ɗaya.

A ranar, karatunsu yana kan Masar. Tana nuna wa Rumaisa hoton yadda suke ɗebo ruwan kogin Nilu su ba shuka. Yarinyar ta kasa gane hoton. Malama ta miƙo mata littafin ta ce ta kawo mini.

Na duba. Doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya.

"Wannan ai jigo ne," na ce. "Da shi ubana ya yi lambu a fadama kafin injin ya zo. Amma mai zanen nan bai taɓa jan ruwa ba. Curin ya yi kusa da gwafa. Haka gugan ba zai taso ba, sai dai bayan mutum ya karye."

"To shigo ka koya mata."

"Ni?"

"Akwai wani mai jigo a nan?"

Na tsuguna a bakin ƙofa, na ɗauki kara biyu da ɗan dutse na haɗa. Na nuna mata yadda nauyi yake ɗaga ruwa. Na gaya mata dalilin da mai ban ruwa ba ya iya zama shi kaɗai: dole a yi yarjejeniya wa zai sha yau, wa zai sha gobe, dole a sami mai raba faɗa. Malama ta ɗaga hannu.

"Rumaisa, rubuta abin da kakanki ya faɗa yanzu. Babi na biyu ke nan gaba ɗaya. Haka sarauta ta fara a bakin koguna."

Shekara saba'in da uku ba wanda ya taɓa cewa a rubuta maganata.

Duk Alhamis tana yi mata gwaji, tambaya ashirin. Na farko ta ci huɗu. Na biyu bakwai. Na huɗu sha uku. A gida yarinyar ta hana ni cin tuwo lafiya.

"Tsoho, ka san Rumawa sun yi hanyar da har yau ake bi?"

"A kira su su zo su yi ta garinmu."

"Sun mutu."

"Masu rai ma ba su yi ba."

Ranar da aka zo kan Borno kuwa ban sha da daɗi ba. Malama ta ware hannu biyu a kan igiyar, ta rufe ƙulli kusan goma.

"Duk nan mu ne. Muna rubuta wa sarakunan duniya wasiƙa, wasu suna bin bayan saniya."

"Nonon saniyar ne ya ba ku ƙarfin riƙe alƙalami."

"Yaya, ka ji bawanka yana mayar da magana."

Rumaisa ba ta da waya. Don haka bayan la'asar Malama takan aiko da saƙon murya a tawa, tambaya uku da yarinyar za ta kwana da su. Muryarta ba ta gaggawa. Takan fara da, "Malam Sama'ilu, a gafarce ni, a ba 'yata waya."

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Akwai saƙon da na saurara sau shida a bakin gonar shinkafa. Tambaya ce a kan abin da ya rusa daular Rumawa. Ba Rumawan nake saurare ba. Na yi istigfari na sa wayar a aljihu.

Sati biyar suka cika. Alherin matar nan ya yi mini nauyi. Ni mutum ne da ba a yi mini abu in kwana ban rama ba. Na aika da damin itace, ta raba wa maƙwabta. Na aika da zabi biyu, ta soya ta ba Rumaisa ta kawo mini a kwano. Na rasa ta inda zan ɓullo.

Ranar kasuwar Ɗambatta na sayar da ɗan akuya na shiga layin 'yan atamfa. Mace ɗaya na taɓa yi wa sayayya a duniya, Furera. Abin da nake saya mata idan ta faranta mini, shi na saya. Turmin atamfa biyu, shuɗiya mai ganye da ruwan ƙasa. Mayafi fari. Kwalbar turare. Na ga goro fari mai kyau na sayi ƙwarya ɗaya, don an ce Malama tana ci. Na ƙara da ledar alawa saboda yaran gidan. Hadari ya haɗo, na ga kayan za su jiƙe a mashin, sai na sayi ƙaramin akwati na zuba.

Mai akwatin ya ce, "Allah ya sanya alheri, Baba."

Na ce amin. Ban yi tunanin komai ba.

Sauran kuskuren kuma mutuncina ne ya jawo shi. Na ce ba zan miƙa wa matar da ba muharramata ba kaya hannu da hannu ba. Ba zan ba yarinya ta kai a ɓoye kamar abin kunya ba. Zan ba yayanta, a fili, kowa yana gani. Ranar da na tabbata zan same shi a gida ita ce Juma'a bayan masallaci. Juma'a kuwa da babbar riga nake fita, fara mai aiki, da hula zanna. A hanya na ga limaminmu yana tafiya da ƙafa, shi ma garin za shi gaisuwa. Tunda shi ya haɗa mu da Malama, na ce ya hau mu je tare.

Ku da kuke karantawa kun riga kun gani. Ni ban gani ba.

Dattawa shida ne a ƙofar gidan. Na sauke akwatin a gaban Alhaji Umara.

"Wannan na Malama ne. A shigar mata."

Ya dubi akwatin. Ya dubi rigata. Ya dubi Liman. Ya buɗe, goro ne a sama. Fuskarsa ta canja, ya gyara zama.

"Masha Allah. Malam Sama'ilu, ka bi ta ƙofa, yadda manya suke yi. Mun gani. Liman, a yi mana addu'a."

Liman ya ɗaga hannu, yana kallona ta gefen ido da murmushi. Sai da na ji yana roƙon Allah ya sa albarka a abin da aka ƙulla, sannan kaina ya buɗe. Akwati. Atamfa. Goro da alawa. Juma'a. Liman. Waliyyi. Babu abin da ya rage a kayan neman aure sai maroƙi.

Lokacin magana ke nan. Kalma huɗu sun isa. Amma dattawa shida sun shafa fatiha, an fara miƙa goro hannu zuwa hannu. In ce musu ni Sama'ilu ban san abin da na ɗauko ba? In ce na tsufa ban san al'adar garinmu ba? Aka miƙo mini goro. Na karɓa. Na ɓare na ci.

Kafin magariba labari ya riga ni gida. Matan ƙannena suna daka suna guɗa ƙasa-ƙasa. Rumaisa ta ajiye mini tuwo ba ta kalle ni ba.

Waya ta yi ƙara. Kamaruddeen.

"Baba, me nake ji a gurup ɗin gida?"

"Me ka ji?"

"Wai ka kai kaya. Har hoton goro an sa. Baba, mu ba mu isa a yi shawara da mu ba? Shekara huɗu muna cewa ka yi aure kana zagin mu. Sai malamar yarinya? Mutane za su ce da ita ka fake."

"Ka gama?"

"Baba..."

Na kashe.

Washegari da safe ina ɗaura wa mashin jakar littattafai, saƙo ya shigo. Ba muryar da na saba ba ce. Alhaji Umara ne.

"Malam Sama'ilu, barka da asuba. Tunda magana ta shigo, zaman bencin nan ba zai yiwu ba kuma. Ita ma yarinyar a dakata da kawo ta, bakin mutane ya yi yawa, har an fara cewa karatun hanyar zance ce. In an cire amfanin gona sai manya su zauna. Na gode."

Amfanin gona sai bayan wata biyu. Makaranta saura sati uku. Babi shida suka rage: injina da masana'antu, zuwan Turawa, yaƙe-yaƙen duniya biyu, 'yancin kai. Rabin tambayoyin gwajin daga nan suke fitowa, Malama ta sha faɗa.

Rumaisa tana tsaye da hijabinta, ta ji komai. Ta sauke jakar da kanta ta koma rumfa.

Kwana huɗu. Bayan kowace la'asar ina duba waya. Ba saƙo. Na ce matar nan ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Ta yi mana alheri, na saka mata da jefa sunanta a bakin 'yan rijiya.

Yarinyar ta ɗaure igiyar shanya a rumfa, ta ƙuƙƙulla, tana ƙoƙarin yi ita kaɗai. Ran na huɗu na ji tana karanta layi ɗaya tana maimaitawa. Na tsaya a kanta.

"Me ya tsaya?"

"An harbe mutum ɗaya a wani gari, sai duniya duka ta kama yaƙi. Na karanta sau goma ban ga dalili ba. Malama ta ce in mun zo nan za ta zana mini ƙawancen a ƙasa." Ta share ido da bakin hijabi. "Ta ce kuma in mun kai yaƙin duniya na biyu, kai za ka ba mu labarin kawunka da Turawa suka kai yaƙin Bama."

Ban san ta faɗi haka ba.

"Kaka, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Da gaske kake, ko kuskure ne?"

"Ba maganar yara ba ce."

"To karatuna maganar wa ce?"

Ba a taɓa yi mini irin wannan tambayar a gidana ba. Na ɗauki hulata. Na fita.

Na zauna a bakin gonar shinkafa na auna. Hanya ɗaya ce. In koma gaban mutanen da suka ci goro in ce kuskure na yi, a ba ni akwatina in ɗaura a mashin kowa yana gani. Magana ta mutu, karatu ya tashi. Za a yi shekara ana ba da labarina a majalisa: tsohon da ya kai kayan aure bai sani ba. Har jikokin sa'o'ina sai sun tsokane ni. Wannan zan iya ɗauka.

Abin da ya fi mini nauyi daban ne, kuma ku kaɗai nake gaya wa. A kwana huɗun nan, ko sau ɗaya ban ji ina son akwatin ya dawo ba.

Amma matar nan ta ɗauki yarinyar da ba ta san gaba da baya ba, ta tsayar da ita a kan ƙafarta. Ta ba ta shekara dubu biyar a igiyar rama. Ta sa an rubuta maganata a littafi. Wanda aka yi wa haka ba ya tsayawa lissafin abin da ransa yake so. Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan iyayenta. Na rubuta a nan don ya zauna.

Laraba da hantsi na sa rigar gona, mai faci a kafaɗa, da hular kaba. Da gangan. Na ce wa Rumaisa ta ɗauko jakarta. An yi ruwa da asuba, rafi ya kai gwiwa, na tura mashin muka haye.

Alhaji Umara yana ƙofar gida ana auna masa gero. Uku daga dattawan Juma'a suna kan benci, bencina. Na bar yarinyar a jikin mashin. Na yi sallama, na ƙi zama.

"Alhaji, magana na zo da ita, kuma ina so waɗannan su ji. Kayan da na kawo ran Juma'a godiya ce. Malama ta ƙi karɓar komai, na rasa yadda zan yi. Ban lura da yadda na haɗa su ba sai da aka shafa fatiha. Girman kai ya hana ni magana. Kuskure na yi."

Wani daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa.

"A ba ni akwatin in tafi da shi, sunan Malama ya fita daga bakin mutane. Yarinya ta koma karatunta. Saura kwana goma sha shida."

Alhaji Umara ya dube ni. Ba dariya a fuskarsa.

"Malam Sama'ilu, ka san abin da kake cewa? A kawo wa mace kaya, gari ya ci goro, sannan a zo a karɓe?"

"Laifin nawa ne. A faɗa a masallaci in ana so."

Ya tashi zai shiga. Bai kai ga ƙofar ciki ba, ƙamshin turaren ya iso. Tana tsaye a bayan labulen zauren, ashe. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya. Laffaya baƙa ce yau, tabarau a ido. Igiyar tana nan a ɗaure, kwalaye suna lilo a samanta.

"Yaya, wa ya ce a tsayar da karatu?"

"Kaltumi, shiga ciki. Maganar maza ce."

"Karatun nawa ne. An tambaye ni? Kwana huɗu ina share zauren nan ina jira, ina zaton kakanta ne ya hana ta."

"Ba ki aiko da saƙo ba," na ce. Ban yi niyyar faɗa ba, ya fita.

"Da wace fuska zan aika murya wayar mutumin da ya kawo akwati?" Ba ta kalle ni ba. Ta leƙa waje. "Rumaisa. Me kike yi a jikin mashin kamar kayan kasuwa? Shigo. Ɗauko kwali, ƙulli na biyu daga ƙofa. Yau sai kin gane yaƙin nan."

Yarinyar ta wuce ta gabana da gudu, takalmanta duk laka. Na ji ƙarar zip ɗin jaka. Abin da na zo nema na samu. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata, na gyara hula.

"Saura akwatin," in ji Alhaji Umara. "Mutum ya ce kuskure ne."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni, ta saman tabarau, yadda take duban ɗalibar da ta ba da amsa da sauri.

"Malam Sama'ilu, kuskure ne?"

Dattawa uku sun daina motsi. Mai awo ya tsaya da kwano a hannu. Na buɗe baki in maimaita. Kalmar da na faɗa yanzu-yanzu a gaban maza ta ƙi fitowa a gabanta.

"Na riga na faɗa a gaban mutane," na ce.

"Na ji abin da ka faɗa wa mutane."

Ta jira. Na dubi igiyar da na tufka. Na dubi ƙasa.

"Kaltumi," in ji yayanta, "kada a ja magana. Fito masa da kayansa."

Ta saki labulen, ta juya wajen allo, ta ɗauki alli.

"Ba zan mayar ba."